Mai Jar Hula

Shafi na 23

Masu zagina a sharhi wai na bar ku tsaye a ƙofar makaranta, na ji, na kuma yafe. Ga abin da ya biyo baya. Wadda take da ƙaramar 'ya ta jawo ta kusa da ita kafin ta fara karantawa.

*

Nas ko fararen kayan aikinta ba ta cire ba ta faɗo shagon ɗinkin yayarta, babu ko sallama. Hannunta na cikin jaka, ta damƙe wani abu kamar za a ƙwace mata shi.

Yaya na kan keke tana ɗinke bakin wani siket, ƙafarta na tafiya daidai, har da 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Wanda ya gan ta ba zai taɓa cewa ita ce yau aka ce an so sace wa 'ya a ƙofar makaranta ba.

"Ina Balbela?" in ji Nas.

"Tana ɗakin ciki tana barci, kuka ya gajiyar da ita." Yaya ba ta ɗago ba. "Kin ji labari ke nan. Ai ke ce abin godiya. Ba don wasan nan naki ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Nas ta juya ta kalli kusurwar shagon. Yana nan tsaye inda yake kullum, mutum-mutumin da Yaya ke gwada riguna a jikinsa, wanda su ukun suka raɗa wa suna Baƙo.

Tun ranar da aka kawo wata yarinya asibitinsu ranga-ranga, wadda wani ya yaudara da alewa a hanyar gida, hankalin Nas ya ƙi kwanciya a kan 'yar yayarta. Balbela 'yar aji ɗaya ce, doguwa siririya, ga son mutane, kowa ya yi mata murmushi ya zama nata. Shi ne Nas ta ƙirƙiro wasan. In ta taso daga aiki sai ta laɓe a bayan Baƙo ta kumbura murya.

"Yarinya, zo ki karɓi alewa."

Balbela ta maƙale kafaɗa.

"Ummanki ce ta aiko ni."

"To faɗi kalmarmu," in ji Balbela, don akwai wata kalma da su uku kaɗai suka sani.

In Baƙo ya kasa faɗa, ya kuma miƙo hannu ya kama ta, sai ta zube ƙasa ta ware murya: "Ba babana ba ne! Ɓarawon yara!" Daga nan su rufe da dokar ƙarshe, wadda Nas ta fi nanatawa: duk babban da ya ce ki ɓoye sirri, ki zo ki faɗa wa Anti.

Da farko Yaya tsaki take ja musu, wai suna kore mata masu kawo ɗinki. Kwanan nan ne ta shigo wasan da ƙafarta, har ta sayo wa Baƙo jar hula ta kifa masa a ka, ta ce ai mugu ba ya cika sai da hula. Nas har daɗi ta ji a ranar, baiwar Allah, wai yayarta ta fara ɗaukar abin da muhimmanci.

Hular tana nan a kan Baƙo, sabuwa dal.

Nas ta zaro hannunta daga jaka ta ajiye abin da ta damƙo a kan teburin keken. Jar hula ce, iri ɗaya sak da waccan, sai dai wannan ta yage ta gefe, jini ya bushe a jikinta.

"Guda biyu kika saya, Yaya."

Keken ya tsaya.

"Ɗauke min ƙazanta daga kan kayan mutane."

"Ɗakinmu na asibiti aka kawo mutumin," in ji Nas. "Da ankwa suka ɗaure shi a jikin gado. Sauran ma'aikata kowa ya ƙi taɓa shi, wata har tofa masa yawu ta yi, wai ɓarawon yara. Ni aka tura in wanke masa fuska. Ina gogewa ina tsine masa a raina, sai da na zo kan gira na ga tabon nan da murfin mota ya ji masa. Baban Balbela ne, Yaya."

"To?"

Wannan "to" ɗin ya fi komai kashe wa Nas jiki. Duk hanya addu'a take yi Allah ya sa Yaya ta zabura, ta dafe ƙirji, ko da na ƙarya ne.

"Muƙamuƙinsa ya karye, haƙarƙari ma haka. Ido ɗaya likita ya ce sai dai a yi addu'a. Amma da ya gane ni ya riƙe min hannu, ya tura min hular nan. Da ƙyar na ji abin da yake faɗa. Ya ce, ƙanwata, na sa hular da ta ce."

Yaya ta cire zaren da ke bakin allura a hankali. Ta miƙe ta tura ƙofar shagon, ta leƙa ɗakin ciki, ta dawo ta zauna ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

"Tunda kin iya bincike, zauna ki ji sauran, kar ki je kina ƙara gishiri."

"A tsaye ma ina ji."

"Ranar da muka fito daga kotu ya tare ni a bakin titi, baki har kunne, wai alƙali ya ba shi damar ganin 'yarsa. Sai kuma ya marairaice. Wai tsoro yake ji kar ta ƙi shi, tunda rabonta da shi tun tana goye. Wai in taimaka masa da shawara." Yaya ta yi murmushi. "Mutum ya roƙe ni shawara, in hana shi?"

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya je makaranta da kansa in an tashi, zai fi burge ta. Na ba shi hula na ce ya sa, na riga na gaya mata babanta mai jar hula ne. Na ce tana son alewa. Na ce ya ce mata Ummanta ce ta aiko shi."

"Yaya..."

"Na ce tana da kunya, in ta noƙe kar ya damu, ya kama hannunta kawai."

Nas ta nemi bango ta jingina. Darasinta ne kaf, ɗaya bayan ɗaya, yadda ta tsara shi da bakinta. Yaya ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Kalmar fa? Kin gaya masa kalmar?"

"Ya tambaye ni ne?"

"Da sun kashe shi fa? Kin san yadda mutane suke in aka ce ɓarawon yara. Mai gadi, masu babur, iyayen yara, har da mai fasa dutse aka ce ya zo da gudumarsa. Dukan kawo wuƙa suka yi masa!"

"Rage murya, 'yata na barci."

"'Yarsa ce shi ma."

Nan ne fuskar Yaya ta canza. Murmushin ya ɗauke ɗif.

"'Yarsa? Yana ina lokacin da take haƙori, tana zawo, ina goye da ita ina taka keken nan har ƙafata ta kumbura? Ina cikin jego ya hau babbar motarsa ya tsallake iyaka, a saƙon waya ya aiko min da saki, ko muryarsa ban ji ba. Ke kanki ke kika riƙa share min hawaye. Yanzu da ta yi kyau, ta iya karatu, ta iya gaisuwa, shi ne zai dawo da sabon takalmi ya ce 'yarsa? Kin ji abin da lauyansa ya faɗa ai. Yau gani ne, gobe kwana, jibi su ce ta isa komawa gidan ubanta. In zauna in naɗe hannu a ɗauke min ita da takarda?"

"Ya cuce ki, ban musa ba. Ni ma ban yafe masa ba. Amma sai ki rama da bakin yarinya?"

"Da bakin wa zan rama? Nawa ai alƙali bai ji shi ba."

"An ce da kika iso makarantar an tambaye ki ko kin san shi."

"Na ce fuskar ta kumbura, ban gane ba. Ƙarya na yi?"

"Za a gano ko wane ne. Yau ko gobe danginsa za su zo nema."

"Su zo mana. Sai in ce ni ban aike shi ba. Uban da ya lallaɓa makaranta a ɓoye ya fizgi yarinya tana ihu a gaban jama'a, wane alƙali ne zai sake ba shi ita? Daga ni sai shi muka yi maganar, shi kuma kin ce bakin ya karye."

Ni dai da nake ba ku labarin nan na sha ganin mugunta, amma irin wadda ake auna ta da tef a yanka ta daidai jiki, sai a wurin tela.

Nas ta sa hannu za ta ɗauki hular.

"Zan je in faɗa."

"Je ki," in ji Yaya, ko gezau. "Amma ki fara da ɗakin ciki. Tashe ta ki ce, Balbela, mutumin nan da kika tara wa jama'a suka fasa masa ido, babanki ne. Ki gaya mata da bakinki, ki ga ko za ta ƙara yin barci a rayuwarta."

Hannun Nas ya tsaya a kan hular.

"Sannan in sun tambaye ki wa ya koya mata ta zube ƙasa, ki ce wa? Wa ya koya mata ta ce ba babana ba ne? Duk layin nan sun san muryar wa suke ji kullum da yamma a bayan Baƙo. Ni hula kawai na saya, ƙanwata. Aikin naki ne."

"Don in tsare ta na koya mata."

"Ga shi kuwa kin tsare ta. Sannu da ƙoƙari."

Hawayen da Nas ke dannewa tun daga asibiti suka zubo. Ta tsani yayarta a wannan lokacin, tsana ta gaske, ta kuma tsani kanta fiye da haka, don ta san maganar ta kama ta. Gaskiya za ta kwance ankwa daga hannun mutumin da ke kwance, amma a kan yarinyar za ta sauka.

Labulen ɗakin ciki ya motsa.

"Anti!"

Balbela ta fito da gudu da kayan makarantarta, duk sun yi ƙura, ta rungume ƙafafun Nas. Muryarta ta dishe, da ƙyar take fita. Yaya ta yi wuf ta ja siket ɗin da take ɗinkawa ta rufe hular.

"Anti, ya zo da gaske! Na yi duk yadda kika ce. Ban karɓi alewar ba. Na ce ya faɗi kalmarmu, ya yi ta dariya wai wace kalma. Da ya kama ni na zube ƙasa. Kin ga gwiwata."

Nas ta durƙusa. Gwiwoyin biyu duk sun kurje, ko wanke su ba a yi ba. Ta buɗe jaka ta ciro auduga da filasta, don hannunta ya samu abin yi.

"Anti, kuka kike?"

"Ƙura ce ta shiga min ido."

"Malamarmu ta ce ni jaruma ce. Ta ce gobe zan tsaya a gaban 'yan makaranta duka in koya musu."

"Gaya mata dai," in ji Yaya tana gyara zama a kan keke. "Antinki ce ba ta san darajar aikinta ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka turo. Wata 'yar sanda ce, babbar mace mai furfura a gefen kai, irin waɗanda ba sa gaggawar magana. Tare da ita aka kai mutumin asibiti, Nas ta gan ta a can. Ta yi sallama, ta ƙare wa shagon kallo, idonta ya ɗan tsaya a kan Baƙo da hularsa kafin ya wuce.

"Maman yarinya, ya jikin 'yar tamu?"

"Da sauƙi, ranki ya daɗe. Ga kujera." Nan take muryar Yaya ta koma ta marainiya, har da jan hanci. "Ni dai har yanzu jikina rawa yake."

"Dole. Ba zan daɗe ba. Mutumin nan ne har yanzu ba mu san ko wane ne ba. Wayarsa da walat ɗinsa duk sun bi hannun jama'a, yanzu kuma an shiga da shi tiyata." Ta juya wurin Nas. "A asibiti aka ce mini ke ƙanwar maman yarinyar ce, kuma ke kika wanke shi. Wata abokiyar aikinki ta ce ta ga ya riƙe miki hannu yana magana, daga nan kika fita ba ki dawo ba. Kin san shi ne?"

Nas na durƙushe, filasta a hannu.

"Ina za ta san shi?" in ji Yaya. "Tausayi ne da ita kamar me, ko kaza aka yanka sai ta yi kuka."

"Ita na tambaya."

Yaya ta miƙo hannu ta jawo Balbela jikinta. Tana shafa kan yarinyar a hankali, amma idonta na kan Nas, ba ta ko ƙiftawa.

"Malama nas," in ji 'yar sandar, "ina jin ki."

Nas ta kauda kai. Ta kalli gwiwar da ta manna wa filasta, ta kalli tudun da hular ta yi a ƙarƙashin siket. Allah ya sani, saura ƙiris ta ce ba ta san shi ba.

"Anti."

Balbela ce. Ta zame daga hannun uwarta ta dawo gaban Nas, tana murza bakin rigarta, yadda take yi in wani abu ya dame ta.

"Ba yanzu ba, Balbela, manya na magana," in ji Yaya.

"Anti, kin ce duk babban da ya ce in ɓoye sirri in zo in faɗa miki."

"Haka na ce."

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne."

Yarinyar ta saci kallon uwarta, ta sunkuyar da kai.

"Ko da Umma ce?"

"Wuce ciki!" Yaya ta miƙe har almakashi ya faɗo ƙasa. "Wuce ki kwanta kafin in saɓa miki!"

"Bar ta," in ji 'yar sandar, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta matsa ta tsaya tsakanin uwa da 'ya.

Balbela ba ta kalli kowa ba sai Antinta. Jira take. Nas ta san in ta ce a'a yau, ta rushe dokar da hannunta, kuma duk ranar da wani mugun na gaske ya ce wa yarinyar nan ta yi shiru, shirun za ta yi. Ta kama 'yan hannuwanta biyu, sun yi sanyi.

"Ko da Umma ce."

Balbela ta ƙanƙame hannun Nas.

"Da safe da Umma tana sa min safa, ta ce yau mai jar hula zai zo da gaske. Ta ce in yi ihu sosai, kar in daina sai na ga ya faɗi ƙasa. Ta ce kar in gaya miki ta faɗa min, wai sirrinmu ne."

'Yar sandar ta sake kallon hular da ke kan Baƙo. Ta sa yatsa biyu ta ɗaga siket ɗin da ke kan tebur, ta daɗe tana kallon abin da ke ƙarƙashinsa. Daga nan ta taka a hankali ta mayar da ƙofar shagon ta rufe, ta jingina da ita.

"Yarinya ce," in ji Yaya. "Firgita ce ta sa take sambatu."

Balbela ta ja hannun Nas.

"Anti, na yi daidai ko?"

Nas ta gyaɗa kai.

"To amma akwai abin da ba ki koya min ba." Balbela ta matso har numfashinta na taɓa fuskar Nas. "Da suna dukansa, bai ce su bari ba. Ni yake ta nunawa yana cewa, ku ɗauke ta, ku rufe mata ido kar ta gani."

Ta ɗan karkata kai.

"Anti, mugaye ma suna cewa haka?"